Rufe kan feshi guda a filin ciyawa: a murɗa sukuru, a sa murfi, ko a yanke bututu?

Duk wanda ya binne bututun ban ruwa a filin ciyawarsa, wata rana sai wani kan feshi ya zame masa ƙarfen ƙafa. Ko dai an yi daɓe a inda ciyawa take a da, kan yana ta wanke siminti kowace asuba, ko wata shuka ta girma ta tare masa gaba, ko kuma yana jiƙa bangon ɗaki har fenti ya fara kumbura. Sai mutum ya ce bari kawai in rufe shi in huta. Rufewar ba ta da wuya, sai dai hanyoyinta sun kai huɗu ko biyar, kuma wadda ta dace da wannan kai tana iya zama ɓarna a wancan. Tambaya biyu ke raba gardama: akwai ranar da za ka so kan ya dawo aiki? Kuma a ina yake zaune a kan layi, wato jerin kawunan da ke tashi tare a bawul guda, tsakiya ko ƙarshe?

Sai an san yadda kan yake kafin a gane bambancin hanyoyin. Abin da ido ke gani a saman ƙasa murfi ne kawai. Ƙarƙashinsa akwai gangar jiki ta roba a binne, kamar doguwar kwalba. A cikinta akwai sanda mai rami wadda sifirin ke riƙe da ita. Ruwa na shigowa sai ya turo ta sama, yana ɗaukewa sifirin ya mayar da ita. A kan sandar aka ɗaura baki, wato nozil, shi ke tsara faɗin feshin da nisansa. A gindin gangar jikin kuma akwai ƙofa mai tiredi, wato haƙoran murɗawa irin na noti, inda aka ɗaura ta a kan wuya, wani ɗan guntun bututu da ya taso daga wanda ke kwance a ƙasa. Ƙananan kawuna masu feshi a tsaye ƙofarsu rabin inci ce, manya masu juyawa kuwa galibi inci ¾. Kowace hanyar rufewa tana tare ruwan ne a ɗaya daga waɗannan matakai: a baki, a murfi, a wuya, ko can a jikin bututu. Iya zurfin da ka sauka, iya ƙarkon aikin, iya kuma wahalar warware shi daga baya.

Bututun da kawunan ke kai ba ya ɗauke da matsi sai lokacin da bawul ɗin layin ya buɗe, don haka ba sai an kashe ruwan gida gaba ɗaya ba. A kashe na'urar saita lokaci kawai, wato wadda ke buɗe bawul da kanta in lokaci ya yi, kada ta tayar da layin kana tsugune a bakin rami.

Amma kafin ka taɓa komai, ka tabbata rufewa ce maganin abin da ke damunka. Da yawa suna rufe kai ne saboda kullum gindinsa caɓa-caɓa yake. In kan da ya fi kowanne gangarowa ne, kuma yoyon na 'yan mintoci ne bayan layin ya tsaya, to ruwan da ya rage a bututu ne ke tsiyayewa ta inda ya fi sauƙi. Ka rufe wannan, na kusa da shi a gangare ya gaji aikin. Maganinsa kai mai bawul ɗin hana tsiyaya a gindi. Irin na kamfanin Rain Bird mai alamar SAM yana riƙe ruwan da tudunsa ya kai kusan mita 4. In kuwa yoyon ba dare ba rana, laifin na bawul ɗin layi ne, ko tsakuwa ta maƙale a ciki ko robarsa ta yage, kuma ko kawuna nawa ka rufe ruwan zai nemi wata ƙofa. A nan rufe kai gyaran gangar Auzinawa ne.

Hanya mafi sauƙi ita ce ɗan sukurun da ke tsakiyar nozil. An sa shi ne don rage nisan feshi, kuma masu ƙerawa ba sa so a rage fiye da kashi 25 cikin 100. Amma a ƙananan kawuna masu feshi a tsaye, in ka murɗa shi dama har ƙarshe, ruwan yakan tsaya ko ya koma ɗan zirara. Minti guda da ƙaramar sukundireba, ba haƙa ba saye. A wasu samfuran sukurun yana zama ne a kan 'yar matatar da ke ƙarƙashin nozil, in wani ya taɓa cire matatar ya yar, duk murɗawarka ba zai rufe ba.

An kashe maciji ne dai ba a sare kansa ba. Har yanzu ruwa na cika gangar jikin, sanda na ɗagowa duk sanda layin ya tashi, kuma robar da ke kewaye da sandar tana ci gaba da gogewa. Ita wannan roba daman takan saki ɗan ruwa lokacin ɗagowa da komawa, in ta tsufa sai ta riƙa zubarwa sosai. A kawuna masu juyawa ma sukurun ba ya rufe komai, kutsawa yake cikin tsartuwar ruwan ya warwatsa ta. Sai irin waɗanda aka yi musu mabuɗin kashewa na musamman a sama, kamar Hunter I-20 da Rain Bird 5000 Plus, su kam ana kashe su layin na gudana, kuma rufewarsu ta fi ta sukuru aminci.

Duk da haka ban raina sukuru ba, domin yana da wani amfani da babu hanyar da ta kai shi: gwaji. Zan dawo kansa.

Mataki na gaba shi ne toshasshen nozil, wanda ba shi da ƙofa ko kaɗan. Ka jawo sandar sama, ka kwance tsohon, ka ɗaura wannan. Ya fi sukuru rufewa, amma sanda na nan tana ɗagowa, matsalar robar kuma ba ta tafi ba. A lura da tiredi: nozil ɗin Rain Bird da na Hunter tiredinsu na ciki ne, galibi suna hawa kan sandar juna, na Toro 570 kuwa na waje ne. Ni dai ba na ganin dalilin tsayawa a nan in ana iya samun murfi.

Toshasshen murfi shi ne hanyar da na fi so ga yawancin kawunan tsakiyar layi. Za ka ɗan share ƙasar da ke kewaye da saman kan, ka kwance murfin asali, ka zaro sanda da sifirin gaba ɗaya, ka ɗaura murfin da ba shi da rami. Gangar jikin na nan a binne, daidai da fuskar ƙasa, babu abin da ke motsi, babu robar da za ta goge. Ranar da ka canza shawara, ka fiddo kayan cikin daga inda ka adana su ka mayar, minti biyar ya yi yawa. Ba za ka neme shi da shebur ba kuwa, yana nan inda ido ke gani. Rain Bird na yin irin wannan murfi don jerin 1800, Hunter ma na yi don Pro-Spray.

Aibinsa biyu ne. Tiredin murfi na kowane kamfani daban yake, wani lokaci ma kowane samfuri, don haka sai ka karanta sunan da ke saman kan kafin ka sayo. In tsohon kai ne wanda aka daina yi, ko marar suna, da ƙyar ka samu. Kada ka tilasta wa murfin da ya shiga rabi ya cije. Matsi zai tumɓuke shi ko ya riƙa yoyo ta gefe. Na biyu, gangar jikin tana nan a sama, inda tayar mota ko injin yankan ciyawa za su iya taka ta. In daman tsagewar jiki ce ta sa kake son rufewa, murfi ba zai yi maka komai ba. Wajen kwancewa kuma ka riƙe gangar jikin da ɗaya hannun, in ba haka ba ita ce za ta juya daga kan wuya, ƙasa ta gangara cikin bututu ba ka sani ba.

Sai hanyar da ta fi kowacce samuwa, domin kayanta ba ruwansu da sunan kamfani: a haƙa, a cire kan ɗungurungum, a rufe wuyan. Nan ne aiki yake son natsuwa.

Ka yanka ciyawar da bakin shebur, murabba'i mai faɗin kamar taƙi ɗaya da rabi kewaye da kan, ka ɗaga ta da saiwarta ka ajiye a gefe. Ƙasar da ka haƙo ka zuba ta kan buhu ko leda. Da ka kusa gindin kan sai ka ajiye shebur ka koma ƙaramin cokalin haƙa da yatsu, don bututun da ke kwance bai da kaurin da zai jure sara. Ka haƙa har ƙasa da mahaɗar, wato inda wuyan ya haɗu da bututun da ke kwance, ba daidai da ita ba. Dalili kuwa, kana kwance kan, ruwan da ya rage a layi zai bulbulo ya cika ramin, ya dama ƙasa, sannan ya fara komawa cikin bututu da laka. In ramin ya fi bakin wuyan zurfi, lakar na zama a ƙasa, ka samu damar kwashe ta da gwangwani. Duk yashin da ya shiga, a matatun sauran kawuna zai ƙare. Shi ya sa nake tayar da layin na 'yan daƙiƙu wuyan na buɗe, ruwa ya tunkuɗo dattin waje, kafin in rufe.

Abin da za ka tarar a ƙasa shi zai gaya maka abin da za ka saya. In wuya ne a tsaye mai tiredin waje, murfi mai tiredin ciki kake so, rabin inci ko ¾ gwargwadon kan da ka cire. In wuyan ya biyo kan ya fito, ko ka ga ya yi tsawo har yana kusa da fuskar ƙasa, sai ka cire shi ka sa matoshi mai tiredin waje kai tsaye a bakin mahaɗar. Wannan ya fi zurfi, ba abin da zai taɓa shi daga sama. In kuwa kan yana zaune ne a ƙarshen wani siririn tiyo mai lanƙwasa da ƙaramar gwiwa, ka yi sa'a: ka ɗaura murfi a gwiwar, ka kwantar da tiyon, ka binne.

Tef ɗin tiredi zagaye biyu ko uku ya isa, a naɗa shi ta dama yadda ɗauri ba zai warware shi ba. Roba da roba. Matoshin ƙarfe a cikin mahaɗar roba neman tsagewa ne. A kula kuma da cewa tiredin bututu da aka fi samu a duniya iri biyu ne, NPT na Amurka da BSP da ake amfani da shi a Turai da wasu ƙasashe da dama. A rabin inci da ¾ suna kama juna kamar sun dace, amma kusurwar haƙoransu ta bambanta, digiri 60 da 55, kuma sukan yi yoyo. Ka tafi da tsohon kan a hannu lokacin saye.

Ɗauri kuwa, a nan na taɓa yin asara. Karon farko da na sa matoshi a mahaɗa, na ɗaure da hannu, na ga kamar bai isa ba, na ɗauko filaya na ƙara har sai da ya daina motsi. Na gwada, ban ga ɗigo ba, na binne. Bayan 'yan makonni sai wurin ya fi ko'ina kore, in ka taka ƙasa na lumewa. Da muka tone da wani dattijo mai gyaran famfo, ya goge mahaɗar da babban yatsa ya nuna mini tsaga siririya kamar gashi, daga baki zuwa ƙasa. Na ce, "Baba, ai na ɗaure shi sosai." Ya ce, "Ɗaurin ne ya fasa ta, ɗana. Roba ba ƙarfe ba ce." Tiredin irin wannan matoshi yana ƙara kauri ne yana shiga, kamar weji, duk juyi ɗaya yana buɗa bakin mahaɗar. Ƙa'idar ita ce a ɗaure da yatsu har ya tsaya, a ƙara juyi ɗaya, in ya yi yawa biyu. Aikin minti ashirin sai da ya koma yanke mahaɗa da jona sabon bututu.

Kada ka mayar da ƙasa sai ka tayar da layin na minti biyu ko uku ramin na buɗe, ka shafa busasshen yatsa a gindin murfin.

Duk abin da na faɗa zuwa nan, kan tsakiyar layi nake nufi, wanda ruwa ke wucewa ta ƙarƙashinsa zuwa na gaba. Kan ƙarshe hukuncinsa daban. Yadda za ka gane shi: in ka haƙa ka ga mahaɗa mai siffar T, bututu ya shigo ya fita, tsakiya ne. In gwiwa ce, bututun ya zo ya tsaya, ƙarshe ne, ko na layin duka ko na wani reshe.

In ka rufe kan ƙarshe a inda yake, ka bar wani tsawon bututu wanda ruwa ke shiga ba ya fita. A ƙasashen da ƙasa ke daskarewa da hunturu, kamar Kanada da arewacin Amurka da sassa da yawa na Turai, wannan babbar matsala ce. Can kafin sanyi ana hura iska da kwamfiresa ta kori ruwan ta bakin kawuna, kuma iska ba ta iya korar ruwa daga bututun da ba shi da mafita. Ruwa in ya zama ƙanƙara girmansa na ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100, wanda ya isa ya tsaga bututun roba na PVC, ba kuma za a sani ba sai bazara. A irin wannan wuri, ko dai a bar kan ƙarshe da sukuru ko murfin da za a iya buɗewa ranar hura iska, ko a sa bawul mai tsiyaye kansa a madadin murfi, ko a yi abin da ya fi: a koma baya zuwa kai na ƙarshe mai aiki, a yanke bututun bayansa kaɗan, a rufe a can. Inda ƙasa ba ta daskarewa abin bai kai haka ba. Yashi zai taru a mataccen reshen, iska ma takan maƙale, amma shekaru na iya wucewa ba abin da ya faru.

Yanke bututu shi ne hanyar da ba a komawa baya cikin sauƙi, kuma wuri biyu kawai nake ganin ya wajaba: ƙarshen layi a ƙasar sanyi, da duk inda za a zuba kankare ko a yi gini a kai. Mahaɗa mai tiredi a ƙarƙashin siminti ba abin yarda ba ce. Ranar da ta yi yoyo sai an fasa daɓe. A yanke a wajen iyakar ginin. In kan na tsakiya ne kuma akwai wasu a gabansa, yankewa za ta kashe su duka, don haka sai dai a cire mahaɗar a jona bututu miƙaƙƙe, ko a zagaya da layin ta gefe.

Farin bututun PVC gam yake so: a yanka a miƙe, a kankare gefen, a bushe shi sarai, a shafa ruwan share fage sannan gam, a tura murfin da ɗan juyi, a riƙe kamar daƙiƙa 30 don kada ya turo kansa baya. Lokacin jira na rubuce a jikin gwangwanin, ni kan bar shi ya kwana. Baƙin bututu mai lanƙwasa ba ya kama gam ko kaɗan, nasa matoshi ne mai ƙayoyi da ake turawa ciki a ɗaure da maɗaurin ƙarfe. Ko wanne ne, ka bar guntu kamar santimita 15 bayan mahaɗar ƙarshe, don wanda zai so jona layi wata rana ya samu abin kamawa.

Kowace hanya ka bi, ruwan da kan nan yake sha bai ɓace ba, lissafin layin ne ya canza. Nozil mai jifan mita 4.6 a matsin bar 2.1, wato psi 30, yana fitar da kusan lita 14 a minti in cikakken da'ira ne, lita 7 in rabi ne. Layi mai rabi-rabi guda shida yana jan lita 42. Ka rufe biyu ya koma 28. Ruwa kaɗan a bututu yana nufin matsi ya ƙaru a sauran kawuna. Rufe ɗaya cikin takwas da wuya ka ga bambanci, wani lokaci ma gyara layin yake in daman an cika masa kaya. Amma in ka rufe rabi, sai ka ga feshin ya koma kamar hayaƙi, iska na kwashe shi kafin ya sauka. Maganin wannan kawuna masu daidaita matsi a cikin sandarsu. Wanda injin rijiya mai tankin matsi ke ba layinsa ruwa ya saurari injin: in ya fara tashi yana mutuwa a kai a kai, ruwan da ake ja ya yi masa kaɗan, kuma hakan na rage masa kwana. In kuwa layin gaba ɗaya kake son kashewa, kada ka bi kawuna ɗaya bayan ɗaya. Ka cire shi daga na'urar saita lokaci, ka rufe a wajen bawul.

Abin da aka fi mantawa shi ne ciyawar kanta. Tsarin feshi mai kyau ana yin sa ne yadda ruwan kowane kai zai kai gindin na kusa da shi. Kan da kake gani yana wanke daɓe, mai yiwuwa rabin ruwansa ne ke raya wani yanki da kake so. A nan sukuru ke da ranarsa. Ka rufe kan da sukuru tukuna, ka jera gwangwanaye masu girma ɗaya a kewayen, ka tayar da layin minti goma, ka gwada zurfin ruwan kowanne. Ka bar shi haka mako biyu a lokacin zafi. In wani wuri ya fara yin toka-toka, sawunka na zama a kan ciyawa ba ta miƙewa, to kan nan canjin nozil yake buƙata: cikakken da'ira ya koma rabi, rabi ya koma kwata, ko mai gajeren jifa. In wurin ya zama na furanni ne, akwai kayan da ke mayar da gangar jikin kai mafarin tiyon ɗigo-ɗigo, da matata da mai rage matsi a ciki. Sai dai ɗigo da feshi ba sa zama a layi guda, domin abin da feshi ke zubarwa a minti goma, ɗigo sai ya yi awa. In za ka bi wannan hanya, sauran kawunan layin duka murfi za su sha.

In gwajin ya nuna ciyawa ba ta yi kewar kan ba, ga yadda nake zaɓa. Kan tsakiya mai lafiyayyen jiki, wanda ake samun murfinsa: toshasshen murfi. Kan da ya tsage, ko marar suna, ko wanda ke inda ake takawa: a haƙa a rufe wuya. Ƙarshen layi a ƙasar ƙanƙara, ko ƙarƙashin kankare: a yanke.

Duk wanda ka binne kuwa, kafin ka mayar da ciyawa ka auna nisansa daga abubuwa biyu da ba sa motsi, kamar kusurwar gini da ginshiƙin katanga, ka ɗauki hoto da tef ɗin awo a kwance, ka rubuta lambobin a takarda ka manna a cikin murfin na'urar saita lokaci. Ciyawa na haɗe bakin yankan cikin wata guda, kuma murfin roba a ƙarƙashin ƙasa ba na'urar neman ƙarfe da za ta ji shi, sai in ka ajiye babban noti a kansa kafin ka rufe ramin.